Geron Yagana

Umara ya kusa shekara hamsin a duniya, amma sau ɗaya tak ya taɓa jin sunansa a bakin uwarsa. Ba ƙiyayya ba ce. Ɗan fari ne, Yagana kuwa mace ce ta da, irin waɗanda suka riƙe kunyar ɗan fari kamar farilla. In tuwonsa na hucewa sai ta dubi bango ta ce a gaya wa wancan abinci ya sauka. In ya shigo tsakar gida, nan da nan wani aiki zai taso mata a bayan ɗaki. Haka suka zauna gida ɗaya a Kademi, kowa na jin tarin ɗan'uwansa da asuba, amma maganar da ta taɓa shiga tsakaninsu ba za ta cika ƙoƙo ba.

Yagana 'yar Toranke ce, jinin Barebari, kodayake Barbarcin da ya rage mata bai wuce gaisuwa da zagin akuya ba. An kawo ta gidan Datti tun Nasara ba su ci Kano ba. Cikin kayan da suka biyo ta, ban da tabarmi da ƙore da tukwane, har da wani ɗan ƙunshin zangarniyar gero da kakarta ta ɗaure da hannunta, ta ce irin da mutanensu suka taso da shi daga gabas ke nan. Dangin miji suka sha dariya. Gero ne gajere, kansa bai fi taƙi ɗaya ba, ga gashi buzu-buzu, a garin da ake alfahari da zangarniya mai tsawon hannu. Datti dai mutum ne mai sanyi, ya yanka mata gayauna a bayan gida, wato 'yar gonar kanta wadda ba ta cikin gandu, ya ce ta je ta yi wasanta.

To, ashe wasan na gaske ne. Geron nan kwana saba'in yake nuna. Tsuntsu in ya sauka a kansa gashin ya soke shi ya tashi. In aka daka shi kuma yana da wani zaƙi-zaƙi a ƙarshen harshe, wanda duk wanda ya saba da shi ba ya mantawa. Ba a jima ba aka daina dariya, aka koma ce masa geron Yagana.

Yadda take yi da shi ma abin kallo ne. Kafin a kafa wuƙa a gayaunar, sai ta shiga ita kaɗai da zaren kaba a hannu, tana bi kara-kara, ta murza wannan kai, ta sansana wancan. Wanda ya yi mata sai ta ɗaura masa kaba, shi ne iri, ko zakara bai isa ya kusance shi ba. Ta ɗaure shi dami, ta rataye a ɗakinta saman murhu inda hayaƙi ke kore ƙwaro. Takan ce gero yana auren maƙwabcinsa in ba a sa ido ba, shi ya sa take riga kowa shuka. Takan kuma ce iri rai gare shi, kuma ransa damina uku ne, in ya wuce haka bai ga ƙasa ba sai dai a ba kaji.

Ba gero kaɗai ta sani ba. Ta yi kaɗi har yatsunta suka yi kanta, ta yi daddawa, ta ɗebo ruwa daga rijiya mai gaba goma sha biyu da goyo a baya. Haihuwa tara ta yi, uku ne suka wuce yaye, Umara da Aisa da Kolo. Bakinta kuwa, subhanallahi! In ta sa mai tallan gishiri a gaba sai ya gwammace ya bar mata mudun. Mutum ɗaya ne a duk garin bai taɓa ɗanɗana bakin nan ba, shi ne ɗanta na fari.

Shekarar Kakalaba, yunwar nan da tsofaffi ba sa son ambata, Umara na da shekara goma, Kolo na da huɗu. Ruwan sama ya ɗauke alhali hatsi na cikin goyo. Kafin bazara an cinye dusa, an cinye ganyen tafasa, mata na tona gidan tururuwa suna ƙwace abin da suka tara. Datti ya kora jakinsa ya yi kudu neman dawa, aka yi wata uku ba labari. A lokacin ne Yagana ta sauke damin iri, ta sussuke shi, ta zuba a tulu, ta liƙe bakin da yumɓu, ta binne a ƙarƙashin shimfiɗarta. Ta ɗauka ba wanda ya gani, amma Umara yana leƙe ta tsagar asabari.

Kolo ya yi ta kuka har murya ta ƙare, ya koma buɗe baki kawai. Ƙafafunsa suka kumbura. Ranar da Umara ya kasa daurewa ya tsaya a kanta, abin da bai taɓa yi ba, ya ce:

“Iya, a tono tulun.”

Ba ta juyo ba. Ta ci gaba da fifita yaron da mafici. Bayan kwana shida aka kai Kolo makwancinsa, bayan kwana ashirin kuma ruwa ya sauka.

Ruwa ya sauka, ba iri a unguwar, kowa ya riga ya dake nasa ya sha. Sai ga Yagana ta fito da tulu a ka, tana bi gida-gida tana zuba wa kowa tafi guda. Kwana saba'in, yaran unguwar suna gasa tumu, alhali a wasu garuruwan ana ta binne mutane ana jiran dogon gero ya nuna. Aka yi ta sa mata albarka. Datti ya dawo ƙashi da rai, jaki ya mutu a hanya, ya tarar da gidansa da hayaƙi. Umara ma ya ci tumun, ina zai ƙi? Amma da kowane tauni sai ya ga bakin Kolo a buɗe. Abin ya zauna masa a ƙirji, ya girma da shi. Ga shi ba halin ya tambaye ta, ita kuma ba halin ta zaunar da ɗan fari ta yi masa bayani.

Mutane kuwa ka san su. Da ƙoshi ya dawo sai aka koma wa doguwar zangarniya mai cika rumbu. Waɗanda ta ba iri suka bar shi ya saje da nasu, cikin 'yan shekaru ya ɓace. Aisa ta tafi da nata ƙunshin gidan miji a Gafasa, shekarar fara ta zo ta share shi har kara. Ya zamana duk duniya a gayaunar Yagana kaɗai geron ya rage, kuma ba ta taɓa fashin damina ba, ko shekarar da ta yi takabar Datti sai da ta sa Aisa ta zo ta shuka, ita tana daga bakin danga tana faɗa.

Gandu ya dawo hannun Umara, kuma zamani ya zama na gyaɗa. Bayan yaƙin Bama motoci suka riƙa shigowa har Gaya suna kwasa, a Kano an ce ana tara buhuna kamar duwatsu. Umara manomi ne na gaske, wannan ba wanda zai ƙi. Ya mai da gonakin gandu gyaɗa in ban da 'yar dawar ci, ya sayi keke, ya ɗinka babbar riga mai aska biyu, ya zama in ana shawara a ƙofar dagaci sai an jira shi. Sai idonsa ya faɗa kan gayauna. Ƙasa ce da ta sha taki shekara arba'in da ɗoriya, lallausa kamar gari. Bai iya fuskantar uwar ba, sai ya aiki matarsa Hure ta ce ana neman aron wurin na damina ɗaya.

Yagana ta dubi bango. Can ta ce a tambayi wancan, baɗi fa? Aka dawo mata da amsa cewa baɗi wurinta ne.

Kai, baɗin Umara! Baɗi ta zo gyaɗa ta yi daraja, aka ce a ƙara haƙuri. Wata baɗin ta zo malamin gona ya kawo sabon iri, aka ce a gwada shi a ƙasa mai kyau. Shi a ransa cewa yake tsohuwa ce da rigimarta, wa ke neman gero mai kwana saba'in yanzu da mota ke kawo hatsi daga ko'ina? Amma in za a faɗi gaskiya, akwai wani ɗan sanyi da yake ji can ƙasan zuciyarsa duk lokacin da ya ga gyaɗa ta rufe gayaunar nan. Bai taɓa kiran abin da sunan ramuwa ba, amma ita ce.

Ita kuwa ba ta sake aika kowa ba. Ta ja gwiwoyinta ta tona 'yan ramuka tsakanin ɗakinta da danga, tana zaune da sanda tana faɗa da awaki wuni guda. Jikarta Fanta, 'yar Umara, a ɗakinta ta tashi tun yaye, a nan ta koyi murza kai da ɗaurin kaba. Duk maganar da Yagana ta hana uban sai ta juye wa 'yar, su yi ta tsokanar juna, wannan ta ce tsohuwa mai ran ƙarfe, waccan ta ce mummuna mai hancin Barebarin bogi. Da aka tashi kai Fanta Gafasa, tsohuwar ta dubi damin da ke rataye, ƙanana guda biyu, ta ce ba za ta raba ba, ya yi kaɗan. Ta ce a bari wancan ya maido gona a sabunta, na farkon da aka ɗaura wa kaba na Fanta ne.

Daga wannan shekarar gwiwa ta ƙi sam. Damina ɗaya ta wuce dami na rataye, ta biyu ta wuce, hayaƙi ya mai da shi baƙi.

Wata rana da bazara, bayan azahar, Umara ya shigo yana tura keke. Tana zaune a inuwar rumbu, maimakon ta kau da kai yadda ta saba sai ta dube shi ido cikin ido.

“Umara.”

Saura kaɗan keken ya kuɓuce masa. Ya durƙusa a inda yake.

“Irin nan bana ne ƙarshensa,” in ji ta. “In bai ga ƙasa ba bana, ya mutu.”

Ya ce to. Ita ke nan maganar, ta ja mayafi ta rufe fuska kamar wadda ta yi abin kunya. Shi kuwa ya tashi jikinsa a sanyaye. Muryar da ta kira sunan nan ta tsufa ƙwarai, kuma sai a ranar ya lura hannunta ya koma kamar tsinke. Wallahi wannan karon da gaske yake. Washegari da kansa ya share gayaunar, ya ƙone, ya yi jigilar taki mangala goma. Da Hure ta kai mata labari sai ta dubi bango ta ce Allah ya yi wa wancan albarka.

Ba ta ga ruwan ba. Zazzaɓin kwana uku ya ɗauke ta da hantsin wata Laraba, hadari na ta haɗuwa a gabas yana watsewa. Kafin azahar an kai ta kusa da Datti.

Ranar sadakar uku Kademi ta cika. Mutanen Toranke sun zo, na Gafasa sun zo da Aisa, har abokan cinikin Umara daga Gaya. Fanta ce kaɗai ba ta zo ba, tana cikin wankan jego. Tun da sassafe Hure ta aika a kira maigida, ta tare shi a bakin zaure ta ce akwai matsala. Ba gero a gidan. Rumbu dawa ce zalla, kuma ba a yin gumba da dawa, ga shi kasuwa sai jibi. Ta ce ko a shiga maƙwabta a roƙa.

Umara ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Shi, mai keke, ya aika roƙon gero? A kuma ce gidan Yagana mai gero ne ba a sami abin gumbar sadakarta ba? Ya ce sam. Hure ta ce to akwai waɗancan dami biyu a ɗakin Iya.

“Ku sauke,” in ji shi, “amma...”

Daidai nan aka leƙo aka ce ga dagaci ya iso. Ya juya ya fita da sauran maganar a bakinsa. A tunaninsa ai ko wace mace ta san a ware na iri kafin a sa taɓarya. Hure kuwa 'yar ɗan kasuwa ce daga Gaya, ba ta taɓa riƙe fartanya ba, kuma ta ga mutum ya share gona ya zuba taki, sai ta ɗauka ya daɗe da cire nasa. Aisa na can ƙuryar ɗaki mata sun kewaye ta ana gaisuwa. 'Yan aikin da suka zo taya daka suka sussuke, suka sheƙe, suka surfa, suka wanke, suka dake tas.

Malamai suka yi addu'a aka shafa, aka fito da gumba a faifai ana rabawa. Umara ya gutsura don kada a ce bai taɓa ba. Yana tauna zaƙin nan ya bayyana a ƙarshen harshensa, hawaye suka zo masa, ya ji kamar yana ɗan shekara bakwai a bakin turmi. Ko a lokacin bai tsorata ba, daɗi ma ya ji cewa da geronta aka yi mata sadaka.

Bayan jama'a sun ragu aka ce Baiwa na son ganinsa. Baiwa maƙwabciya ce, ƙawar Yagana tun suna amare, yanzu ba ta gani sosai. Ya same ta a tsakar gida tana mamular gumba da dasashi.

“Ɗan nan, wannan geron Yagana ne,” ta ce. “Na san shi ko a kabari. Ina fata dai ka ware iri?”

Ya dubi Hure. Hure ta dube shi, ya ga fuskarta ta canza, ta ɗora hannu a ka.

Baiwa ba ta ga wannan ba, sai ta ci gaba da zancenta. Ta ce ita ta taya Yagana zama ranar da Kolo ya cika. Ta ce da aka fita da shi, Yagana ta kifa fuska a daidai inda tulun yake binne tana cizon ƙasa don kada a ji kukanta. Ta gaya mata cewa ta auna abin a zuciyarta ya fi sau ɗari, in ta daka kwana huɗu zai kai su, daga nan su bi Kolo su duka, har da wancan. Baiwa ta ce tun daga ranar, duk shekara in geron ya tsiro Yagana kan zo ta same ta ta faɗi magana ɗaya.

“Takan ce, Baiwa, ya fito. Bana ma ba a banza na binne yaron nan ba.”

Umara bai san lokacin da ya isa bayan gida inda aka yi sussuka ba. Ya durƙusa da babbar rigarsa yana tona ƙaiƙayi da yatsu, yana hurawa. Kaji sun riga shi tun hantsi. Ya leƙa turmi, an wanke. Ya shiga ɗakinta ya dubi saman murhu, igiyar kaba ce kawai ke lilo. Abin da Kakalaba ba ta sa matar nan ta yi ba, da ɗanta na mutuwa a cinyarta, shi ya yi shi da safiya ɗaya, cikin ƙoshi, don kada baƙi su yi da shi.

Ya hau keke. Ya bi gidajen Kademi da ta taɓa zuba wa tafi guda, ya je Toranke gidan da aka haife ta, ya je Gafasa. Ko'ina sai a shiga rumbu a fito masa da doguwar zangarniya, a ce ai wancan tuni ya saje, Allah ya ji ƙan Yagana, mace ce ta kirki. Wani tsoho a Toranke ma cewa ya yi in ana neman irin nan a tafi Kademi, akwai wata 'yarsu da ke aure can.

Ruwan shuka ya sauka kwana tara bayan rasuwarta. Gari ya fita da sungumi, maza na sara, mata da yara na binnewa. Gayaunar na nan a share, ta sha taki, ta sha ruwa, tana ƙanshi. Hure ta tambaya a hankali ko a sa gyaɗa kada wurin ya tafi a banza. Ya tashi ya fita, ita ma ba ta sake tambaya ba. Ciyawa ce ta ci takin nan.

Da Fanta ta yi arba'in sai ta zo gaisuwa da jaririya a baya. Ta yi kukanta a ɗakin kakar ta share ido, sannan ta fito ta durƙusa gaban uban. Ya ga ta ciro wani ɗan ƙoƙo daga cikin mayafi. Ta ce ta san an makara bana, amma Kaka ta yi mata alkawarin na farko, ko kai biyu ne a ba ta, mijinta ya riga ya ware mata wuri.

“Mun cinye, Fanta,” ya ce. “Ni na ce a sauke.”

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta kifa ƙoƙon a ƙasa. Can, don dai a sami abin yi, ta kwance goyon ta miƙa masa. Sunan tsohuwar aka mayar wa yarinyar, saboda haka ba shi da bakin kiranta da suna, sai dai ya kira ta yadda yake kiran mai sunan. Ya karɓe ta a hannuwansa masu kanta, ya sunkuyar da kai, ya ce:

“Iya, ki yafe mini. Ban sani ba.”

Jaririyar barci take yi, ko motsi ba ta yi ba.